Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa Kan Ciwon Dasashi Da Masu Ciwon Sukari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma Kwamishinoni, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a matsayina na ma'aikacin lafiyar haƙori, a kan wani ciwo da da wuya a ji sunansa a taron kasafin kuɗi ko a rahoton annoba, alhali yana cikin bakin mutane da dama da ke bin layi a asibitocinku kowace safiya. Ciwon dasashi nake nufi. Roƙona kuwa shi ne, duk mai ciwon sukari da ya zo asibitin gwamnati a ce ya buɗe baki a duba, kamar yadda ake duba masa ƙafa da ido, idan an ga matsala a tura shi inda za a wanke masa haƙora.

Na san abin da wani zai ce. Jihohin da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, da mutuwar mata wurin haihuwa, da kwalara duk damina, ina su ina zancen dasashi? Ban raina wannan tambaya ba. Amsata ita ce, ciwon dasashi ba ya tsayawa a baki. Yana barin shaida a cikin miyau da cikin jini, shaidar da yanzu ake iya aunawa, kuma tana nuna cewa kuɗin da kuke kashewa kan masu ciwon sukari wani kaso nasa yana zirarewa ta inda ba a leƙawa.

Ciwon yana farawa ne daga dauɗar da ke maƙalewa a gindin haƙori, wadda cike take da ƙwayoyin cuta. A 1965, a ƙasar Denmak, Harald Löe da abokan aikinsa suka sa wasu masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙora gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan mako guda ya lafa. Wannan matakin farko ke nan, kuma yana warkewa sarai. Idan aka ƙyale shi, dauɗar takan daskare ta yi tauri yadda buroshi ko asuwaki ba sa iya kankare ta, dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya fara zaizayewa. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, duk wannan yana faruwa ne ba tare da zafi ba. Mai ruɓaɓɓen haƙori ba ya barci, dole ya nemi magani. Mai ciwon dasashi kuwa yakan yi shekaru yana ganin jini-jini a jikin asuwakinsa, ko in ya kurkure baki wurin alwala, ya ɗauka ƙarfin guga ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022 kan lafiyar baki, ta ce mai tsananin wannan ciwo ya kama kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato sama da mutum biliyan 1.

Mutane da yawa, har cikin ma'aikatan lafiya, sun ɗauka ƙwayoyin cutar ne ke cinye ƙashin. Mafi yawan ɓarnar garkuwar jikin mutum ce ke yin ta, garin yaƙi da su. Fararen ƙwayoyin jini suna yin dafifi a dasashi, suna sakin wani sinadari da ake kira MMP-8, wanda aikinsa tsinka zaren naman da ke ɗaure haƙori da ƙashi. Akwai kuma wasu sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna don kiran agaji, irin su IL-1β da IL-6 da TNF-α. Idan kiran ya ƙi ƙarewa, wata da watanni, su ne ke tayar da ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi. Waɗannan sinadarai suna tsattsafowa ta wani ɗan ruwa da ke fita daga tsakanin dasashi da haƙori, su gauraya da miyau. Shi ya sa idan aka auna miyau na mai ciwon, akan same su da yawa fiye da na mai lafiya, idan kuma aka yi masa magani su ragu.

Da a miyau abin ya tsaya, da ban dame ku ba. Bangon ramukan nan na dasashi a saɓule yake, ɗanyen rauni ne. Masana sun ƙiyasta cewa idan aka haɗa faɗinsa duka a bakin mai ciwon, yakan kai santimita murabba'i 8 zuwa 20. Ranku ya daɗe, da gyambo mai wannan faɗi a ƙwaurin mai ciwon sukari yake, yana ɗigar jini da mugunya, babu likitan da zai sallame shi da ƙwayar magani kawai. Za a wanke, a ɗaure, a ba shi ranar dawowa. To gyambon yana nan, a baki yake, kuma kullum a jiƙe yake cikin ƙwayoyin cuta. Duk taunawa, duk gugar haƙori, wasu ƙwayoyin sukan kutsa cikin jini. Sinadarin IL-6 kuma yana bin jini ya isa hanta, hanta ta amsa da ƙera wani sinadarin da ake kira CRP, wanda likitocinku suka sani sarai domin suna tura majiyyata a auna musu shi. Tun 1930 aka gano shi a Amurka. Masu tsananin ciwon dasashi akan samu nasu ya ɗara na sauran mutane, ba tashi mai yawa irin na zazzaɓi ba, ɗan tashi ne mai naci da ba ya sauka.

Wannan kumburi mai naci shi ne ya haɗa mu da ciwon sukari. TNF-α da IL-6 suna dakushe aikin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, a jiki, sai sukari ya ƙi sauka yadda ake so. Sukarin da ya hau kuma yana raunana fararen ƙwayoyin jini, yana jinkirta warkewar rauni, yana ƙara rura kumburin dasashin. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Tun 1993 Löe ɗin nan ya kira ciwon dasashi matsala ta shida daga cikin matsalolin da ciwon sukari ke haifarwa, a bayan irin su lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi. Shekara sama da 30 ke nan, amma har yau tambayar da ake yi wa mai sukari a yawancin asibitocinmu ba ta wuce ƙafa da ido da fitsari.

An kuma gwada a gani ko maganin dasashi zai taɓa sukarin. A Landan aka ɗauki masu ciwon sukari nau'i na biyu su 264, dukansu da ciwon dasashi, aka raba su gida biyu. Rukuni ɗaya aka yi musu cikakken magani har ƙarƙashin dasashi, ɗayan kuma wankin sama kawai. Sakamakon ya fito a 2018. Bayan wata 12, gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a watanni 2 zuwa 3 da suka shige, ya yi ƙasa da maki 0.6 a rukunin farko idan aka kwatanta da na biyu. A 2022 cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara bincike 35 da suka ƙunshi mutum 3,249, ta samu raguwar kusan 0.4 bayan wata 3 zuwa 4, da kusan 0.5 bayan shekara. Duk likitan da ke ganin masu sukari ya san rabin maki ba abin wasa ba ne. Yakan kusanci abin da ake samu idan aka ƙara wa majiyyaci wani maganin a kan wanda yake sha, maganin da zai riƙa saya duk wata daga aljihunsa.

Ba zan yi muku ƙari ba, domin a wannan fanni akwai masu zuzutawa. Game da zuciya, wani bincike na 2007 a kan mutum 120 ya nuna cewa wata 6 bayan maganin dasashi jijiyoyin jininsu sun fi buɗewa yadda ya kamata. Amma Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta faɗa a 2012 cewa alaƙa ce aka gani tsakanin cututtukan biyu, ba a tabbatar ɗaya ne ke haddasa ɗaya ba. Haka zancen masu juna biyu. An daɗe ana ganin haihuwar bakwaini ta fi yawa ga mata masu ciwon dasashi, sai dai gwajin da aka yi a Amurka da mata 823, wanda ya fito a 2006, bai nuna maganin ya rage bakwainin ba. Abin da ya nuna shi ne wankin haƙori ba ya cutar da ciki, wanda shi ma darasi ne ga matanmu da ake hana su zuwa wurinmu har sai sun haihu. Hujjar da ta fi ƙarfi tana kan ciwon sukari, shi ya sa na tsayar da roƙona a kansa.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi. Ɗansa ne ya riƙo shi, da ledar magungunansa a hannu da katin asibiti da ya sha ninki. Buƙatarsa ɗaya ce, a cire masa haƙoran gaba na ƙasa domin suna girgiɗi. Da na ɗan danna dasashin, mugunya ce ta fito ta gefen haƙoran. Ya ce mini ya daɗe yana zuwa ganin likitan sukari, an canja masa magani, an ƙara, an yi masa faɗa a kan abinci, sukarin ya ƙi. Na ce, Baba, me kake ci? Ya ce koko da safe, shayi da burodi a jiƙa, tuwo in ya yi laushi sosai, sai kunu. Nama ya bari, gyaɗa ya bari, zogale da rama ma sai an dafa sun narke. Ba taurin kai ba ne ya sa yake cin abin da aka hana shi, abin da bakinsa ke iyawa ke nan. Na tambaye shi ko a duk zuwan da yake yi an taɓa cewa ya buɗe baki. Ya ce ai can ba asibitin haƙori ba ne. Ban ga laifin likitocinsa ba, mutum ɗaya ne ke ganin jama'a fiye da ƙima kafin azahar, kuma takardar da aka ba shi ya cike babu gurbin baki a cikinta. Takardar nan kuwa daga ma'aikatunku take fitowa.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi damuna. Da zarar zancen alamomin kumburi ya shiga kunnen masu kawo kayan asibiti, za su zo muku da 'yan tsinkayen gwaji, su ce a saya wa kowane asibiti. Irin wannan gwaji yana nan, kuma aikin ilimi ne na gaske. Masana a Jami'ar Helsinki ta Finland suka ƙirƙiro shi. Mutum zai kurkure baki, a ɗiga ruwan a kan tsinken, cikin 'yan mintuna layi ya fito idan MMP-8 mai aiki ya yi yawa. Likitocin haƙori 'yan Najeriya ma sun gwada shi a kan mutanenmu, suka wallafa sakamakonsu a 2014. Duk da haka, lokacin da manyan masanan dasashi na Amurka da Turai suka taru a Shikago a 2017 don sake tsara yadda ake rarraba wannan ciwo, shan taba da matsayin sukari suka ɗauka a matsayin abubuwan da ke nuna saurin ɓarnarsa. Gurbin sinadaran miyau da jini sun bar shi da alamar tambaya, suna jiran ƙarin hujja. Waɗanda suka fi mu kuɗi ba su mai da shi wajibi ba tukuna.

CRP kuwa ya fi wannan rauni a wurinmu. Ba ya faɗin inda kumburi yake. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, tarin fuka yana ɗaga shi, ciwon sanyin mafitsara, ƙurji, ƙiba, duk suna ɗaga shi. Ma'aunin da ake amfani da shi wajen hasashen ciwon zuciya, wato ƙasa da miligiram 1 a lita, 1 zuwa 3, da sama da 3, an gina shi ne a kan jama'ar da ba sa kwanciya zazzaɓi duk damina. A watan Agusta ko Satumba, a ɗebi jinin mutanen kowane ƙauye a Jigawa ko Kebbi a auna, sakamakon ba zai gaya muku komai game da dasashinsu ba. Amfanin waɗannan sinadarai gare mu a yau shi ne sun bayyana hanyar da ciwon baki ke bi ya taɓa jiki. Wannan bayani mun riga mun samu, ba sai mun biya kuɗinsa a kan kowane majiyyaci ba.

Abin da ake gano ciwon da shi yana da araha. Ɗan madubi, tocila, safar hannu, da wani siririn ƙarfe mai zanen milimita da ake zurawa a hankali tsakanin dasashi da haƙori. Zurfin milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Daga 4 zuwa sama, musamman in jini ya biyo baya, akwai magana. Kafin ma a kai ga ƙarfen, nas ko ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya tambaya: kana ganin jini in ka goge baki? Akwai haƙorin da ke motsi? Iyali suna ƙorafin warin baki? Sannan ya ɗaga leɓe ya haska. Minti biyu sun isa. Sai dai a koya musu cewa mai shan sigari dasashinsa ba ya saurin zubar da jini ko da ciwon ya yi nisa, saboda taba tana matse ƙananan jijiyoyin jini, don haka rashin jini a wurinsa ba shaidar lafiya ba ce. A kuma koya musu cewa amlodipine da nifedipine, waɗanda ake yawan rubuta wa masu hawan jini, sukan sa dasashin wasu ya yi tsiro ya rufe haƙora. Na sha ganin wanda ya tsorata ya ɗauka ciwon daji ne, alhali likitansa kawai zai koma wa a duba yiwuwar sauya maganin.

Dubawa ba ta da amfani in babu inda za a tura mutum. A nan ne aikin ya fi nauyi, kuma a nan ne ikonku yake. Likitocin haƙori sun yi mana kaɗan, waɗanda ke akwai kuma sun taru a manyan birane. Amma wankin haƙori ba sai likita ba. Akwai jami'an kula da haƙori da aka horar musamman don wannan aiki, ana yaye su, da yawa suna zaune babu aiki ko sun koma wata sana'a. A ɗauke su, a ajiye aƙalla ɗaya a kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma, da kujera mai aiki, da kayan kankara na hannu waɗanda ba sa jiran wutar lantarki, da tukunyar dafa kayan aiki. A daidaita ranar aikinsu da ranar ganin masu sukari, domin wanda ya biya kuɗin mota daga ƙauye ba zai sake biya a mako na gaba don haƙorin da ba ya masa zafi ba. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinku kuma su rubuta ƙarara cewa mai ciwon sukari yana da haƙƙin wankin haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma sanar da shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ƙasar nan tana da manufar lafiyar baki tun 2012. Takardu ba su yi mana kaɗan ba.

Wajen wayar da kai muna da gata. Mutanenmu ba baƙin tsaftar baki ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Asuwaki yana aiki idan aka iya shi. Gyaran da ake buƙata shi ne a riƙa kai shi gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, ciki da waje, har turamen baya, ba a tsaya ga na gaba da ake gani ba, kuma a daina dirzawa da gawayi ko toka. Saƙon da nake so a ji a rediyo da bakin limamai gajere ne: dasashi mai lafiya ba ya jini, wanda ya ga jini kada ya daina gogewa, ya ci gaba a hankali, in ya wuce mako biyu ya je a duba shi, ya kuma auna sukarinsa. Wani a kujerar haƙori ake fara zargin yana da ciwon sukari, don haka ɗakunanmu ma a ba su na'urar awon sukari.

Ma'aikacin da aka koya wa ɗaga leɓen babba zai ɗaga na yaro. Cutar noma, mai cin fuskar yara 'yan shekara 2 zuwa 6, daga kumburin dasashi take farawa a jikin yaron da tamowa ko ƙyanda ta raunana. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci suna tsayar da ita. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato yana karɓar waɗanda aka makara a kansu, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Ƙasar da ta yi wannan ƙoƙari a waje ya kamata a ce a asibitocinta na karkara ana leƙa bakin yara.

Binciken miyau da jini kuma a bar shi inda ya dace, a jami'o'i. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna da tsangayar koyar da likitancin haƙori, ga kuma asibitocin koyarwa a kusa da su. Su ne za su iya gano mana yadda MMP-8 da IL-6 da CRP suke a jikin mutanen da ke rayuwa da zazzaɓin cizon sauro, masu cin goro, masu amfani da asuwaki, da kuma ko wankin haƙori a ƙaramin asibiti zai sauke HbA1c a nan kamar yadda ya yi a Landan. Ku buɗe musu ƙofofin asibitocinku, ku tallafa musu. Idan sakamakonsu ya nuna tsinken gwajin yana da amfani a ƙauyen da babu mai riƙe ƙarfen awo, a lokacin sai a yi zancen saye.

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon sukari ta duniya. Ina roƙon kowannenku, kafin ta zagayo, ya sa hannu a kan umarnin ƙara gurbin duba baki a katin masu ciwon sukari na jiharsa, ya kuma fitar da sunayen asibitocin da za a riƙa tura su wankin haƙori.

Allah Ya taimake ku a kan amanar da aka ɗora muku.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiyar haƙori daga Arewa